Ƙusar Ranar Juma'a

A bakin gulbin Kalgo, Siddiƙu masunci ya tare wani baƙon kafinta, Kirista daga Lakwaja, yana zaune da akwatin kayan aikinsa.

"Malam kafinta, jirgina ya tsage, gobe kuma za a yi su, bikin kamun kifi. In ban shiga ruwa ba, iyalina sun rasa kifin bana. Ka buga mini ƙusa a katakon nan."

"Yau ba na buga ƙusa, ɗan'uwa. Juma'ar nan ce aka kafe Yesu a kan gicciye. Mu 'yan kaɗan ne a nan ƙasar Gwandu, azumi muke yi, muna zaman makoki. Ran Lahadi da asuba za mu taru mu yi waƙa, don a ranar ya tashi."

"To, kun san zai tashi jibi, makokin na mene ne?"

"Kai ma ka san za a tashi ran ƙiyama. Ya hana ka kukan mahaifinka?"

Siddiƙu ya ce, "Mu dai Annabi Isa ba a kashe shi ba. Allah ya ɗauke shi."

"Ashe kai babu abin da zai hana ka buga ƙusa yau. Ungo guduma, ni zan riƙe maka katakon."

"Ai duk ɗaya ne, kai ka nuna wurin!"

"Buga dai, Sarkin Ruwa, rana na yi."

Siddiƙu ya ɗaga guduma. Da ya ga baƙon ya runtse ido, sai ya sassauta hannu, ya riƙa bugawa a hankali har ƙusar ta shige.