Sunan Othniel a Kan Rahoton da Bai Rubuta Ba

Mai girma Rabaran, dattawan ikilisiya, Mai Unguwa, shugaban ƙungiyarmu ta masu gyaran kwamfuta a unguwar PZ, Mista Adebayo. Mama, mahaifiyar marigayi. Madam Christabel, matar marigayi, da 'yarki Scholastica. 'Yan'uwa da abokan sana'a, ina yi mana gaisuwar rashi baki ɗaya.

Sunana Paschal. Shagona na jikin shagon Othniel Shekari shekara tara. Ƙungiya ce ta zaɓe ni in yi magana a madadinta, har an rubuto mini takarda mai daɗin ji. Tana aljihuna. Ba zan karanta ta ba.

Marigayi Othniel ya kasance mutum mai haƙuri da na'ura fiye da yadda yawancinmu ke haƙuri da mutane. Ya kasance idan ɗaliban Samaru suka kawo kwamfuta da kuka, aikinsu na kammala karatu na ciki, ba ya barinsu su tafi sai sun ga aikin da idonsu. Ya kasance mai gwaji. A sana'armu akwai abin da muke kira direba, wato 'yar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane na'urar da aka jona mata. Akwai kuma manhajar gwaji da ke matsa wa direban lamba don a ga ko zai jure. Idan ta ga matsala sai ta fitar da lambar kuskure. Mu dai mun saba, mu danna "ci gaba", mu miƙa wa mai kaya kayansa. Othniel kuwa sai ya rubuta lambar a farin salatif, ya manna a jikin kwamfutar, ya zauna da ita har sai ya gano abin da take nufi. Muna masa dariya, muna kiransa Malam Lamba. Shi ma yana dariya.

A shekarar 2005 ƙungiya ta sami aikin haɗa kwamfuta arba'in, duk na hannu, a wata cibiyar koyarwa a nan Samaru. Othniel aka ɗora wa gwaji. Goma sha ɗaya suka fitar da lamba iri ɗaya a kan katin da ke haɗa su da babbar kwamfuta. Ranar Asabar za a yanka ribon na bikin buɗewa, ranar Laraba ya gaya mana.

Shugaba ya tambaye shi, "Suna kunnuwa ko ba sa kunnuwa?"

Ya ce, "Suna kunnuwa, Oga. Amma ranar da aka zauna a kansu duka lokaci ɗaya, za su faɗi. Ku ba ni kwana uku."

Kwana uku ne ba mu da shi. Washegari ya hau mota zuwa Kaduna neman faifan direban da ya dace. Yana fita muka ɓare salatif ɗin nan. Aka shiga manhajar gwajin, aka umarce ta da ta tsallake wannan lambar kamar ba ta gan ta ba. Rahoto ya fito fes, arba'in cikin arba'in, da sunan mai gwaji a ƙasa: O. Shekari.

Na ce "aka shiga". Haka muka saba faɗa shekara biyu. Ni ne na shiga. Mutum biyar suna tsaye a kaina, huɗu daga cikinsu suna zaune a ɗakin nan yanzu.

Da ya dawo muka ce masa ai mun gyara, an riga an miƙa aiki. Bayan wata biyu, ranar jarrabawar ƙarshe, ɗalibai na tsakiyar rubutu, fuskar kwamfuta goma sha ɗaya ta koma shuɗi. Aikin mutum goma sha ɗaya ya tafi. Cibiya ta tambayi wanda ya yi gwaji, muka nuna mata rahoto.

Ba shiru ya yi ba, kada wani ya ce ya yi shiru. A taron ƙungiya ya miƙe da rahoton a hannu, ya ce, "Paschal, ka san wannan ba aikina ba ne. Faɗa musu." Na sunkuyar da kai ina duba takalmina. Aka ɗaga hannu, aka kore shi. Nawa hannun ma ya tashi.

A PZ labari ba ya kwana. Masu kawo gyara suka daina zuwa. Mutumin da ya koya wa rabinmu aiki ya rufe shago, ya koma sayar da katin waya a ƙarƙashin lema a bakin titin Samaru. Idan zan wuce, sai in tsallaka ɗaya gefen. Shi kuwa ya ɗaga mini hannu.

Ban ce mu muka kashe shi ba, hawan jini ne, likita ya faɗa. Amma raina yana ɓaci da na ga mun sayi yadi iri ɗaya mun zo, mun kawo lemo katan-katan, alhali takardar korarsa tana nan manne a bangon ofishinmu. Da safen nan na gan ta.

Mama, ɗanki bai yi ha'inci ba. Madam Christabel, kin sha magana a kasuwa saboda mu, ba kuma zan nemi ki yafe mini yau a gaban mutane ba, don kada kunya ta sa ki ce kin yafe. Scholastica, duk wanda ya ce miki babanki bai iya aiki ba, ki turo shi wurina.

Ranar Litinin da ƙarfe tara zan cire takardar nan, in wuce cibiyar in gaya musu abin da na gaya muku. Oga Adebayo, akwai wuri a babur ɗina.

Na gode wa Rabaran da bai karɓe makirfon ba, na gode muku da kuka saurara. Allah ya ba Othniel hutawa a wurinsa, ya ta'azantar da Mama, ya riƙe Christabel da 'yarta. Mu kuma da muka ɗaga hannu, Allah ya ba mu ƙarfin zuwa ranar Litinin. A cikin sunan Yesu, amin.