Ƙanƙara a Goshin Masu Awo

Assalamu alaikum. Shugabar taro Hajiya Saratu, mai girma mai unguwa, malamanmu, matan Hayin Banki, da mazajen da suka rako su suka laɓe a kujerun baya, ina gaishe ku. Na gode da kuka karrama tsohuwar ungozomarku ranar da ta ajiye aiki.

Magana biyu gare ni, ta farko kuwa tonon asiri ce.

Shekarar korona an tsayar da ma'aikaci a ƙofar asibitinmu da na'urar auna zafi, wadda ake saita wa mutum a goshi. Sai labari ya zaga unguwa, wai duk mai cikin da aka samu da zafi killace ta za a yi, ta haihu ba uwa ba miji. Mata suka daina barci, amma ba su daina dabara ba. Masu awo suka riƙa iso mana da goshi sanyi ƙalau, har na fara zargin na'urar. Ashe kowacce ƙanƙara take saya wurin Malam Kabir, ga shi can yana sunkuyar da kai, ta manna a goshi cikin hijabi tun daga gida.

Mun sha dariya, har ranar da Mero ta zo da cikin wata takwas. Na'ura ta ce lafiya lau, na kama hannunta na ji wuta. Kwana biyar tana ɓoye zazzaɓin cizon sauro, ɗan cikin har ya rage motsi. Ta ƙanƙame ni ta ce, "Inna Rakiya, kar ki bari su kai ni inda zan haihu ni kaɗai." Ranar na tsorata, kuma na ji kunya, domin mun auna goshinta sau shida, ba mu taɓa tambayarta abin da take tsoro ba.

Ta biyu roƙo ce. Likitoci, mazaje, surukai, in mai ciki ta ce muku lafiya lau, ku sake tambaya, ku zauna ku saurara.

Mero ta sha magani ta warke, ta haihu hannunta cikin nawa. Ga 'yar da ta haifa, Lubna, can a cinyarta, ƙanƙara take tsotsa.

Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raba mu da annoba, ya buɗa wa Malam Kabir kasuwa ta wata hanyar. Na gode.