Na Turara Ɗakin Tuzuru

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Kaka Yagana ce daga Moduganari.

Jikana Modu ya yi aure, ya kama ɗan gida a Dusuman, irin masu manne da juna. Shi yana ce wa gidan selkon, wai mai kicin da banɗaki a ciki, amaryarsa tana cewa ciki da falo, ni kuwa akwatin ashana nake cewa. Ƙofofin duk iri ɗaya!

Na kai wa amarya turaren wuta, na tarar ba kowa, na hura kasko na turara ɗakin sosai. Sai ga maƙwabcinsu Malam Bitrus, tuzuru, yana tari: "Kaka, nan ɗakina ne!"

Turare ya ƙare, amarya ta kumbura. Jama'a, in sake haɗa mata wani, ko in nemo wa Malam mata, tunda ɗakinsa ya riga ya shirya?