Sau Bakwai Na Je Bikonta

Assalamu alaikum. Wakilin Hakimi, ranka ya daɗe. Liman, Allah gafarta malam. Mai unguwa, dattawa, Malam Bappayo mijin marigayiya, da iyayenmu mata da ke bayan zana, sannunku da haƙuri.

An ce ni, Maikuɗi mai goro, in yi magana yau da Goggo Meram ta cika kwana arba'in. Ko don bakina ya saba da ciniki ne, oho. Tun safe nake ɗaura maganar nan tana kwancewa.

Ta kasance ungozomarmu. Rabin samarin da ke kan tabarmar nan, ita ta yanke musu cibi. Ta kasance mai azumin Litinin da Alhamis. Ta kasance mai haƙuri, haka muke ta faɗa tun ranar jana'iza. To, haƙurin nan ni na yi dillancinsa, na san yadda aka same shi.

Sau bakwai ta yi yaji zuwa gidan iyayenta a Katagum. Sau bakwai Malam Bappayo ya ba ni ƙwaryar goro in je biko. Malam, ba ƙararka na kawo ba. Ba ka taɓa ɗaga mata hannu ba, ba ka bar ta da yunwa ba. Abu ɗaya ta ce mini: "Maikuɗi, goro yake aikowa. Bai taɓa tambayar me ya kore ni ba."

Biko na biyar da damina ne, kogi ya kawo. Mai fiton da zai ƙetare da mu, ba zan kama suna ba, shi ma yana gidan gaskiya. Ya miƙo mata hannu ya ce, "Meram, alƙali yana nan. Ki nemi saki, ni ina jira." A gabana fa! Ta yi masa wani kallo da ban taɓa ganin ta yi wa kowa ba. Sannan ta ƙi hannun, ta shiga jirgi da kanta, zani sharkaf.

A tsakiyar ruwa ta ce, "Kai da ka yi karatu, Allah ya haramta mini in nema?"

Na san bai haramta ba. Ga Liman nan, in ƙarya nake ya tsayar da ni. Amma na ci goron wani. Sai na ce, "Goggo, 'yarki Zinatu fa? Me garinmu Azare zai ce?" Haka ta biyo ni har gida. Yaji biyun da ta ƙara, da rani ta yi su, lokacin da ake taka kogin da ƙafa, ba a bukatar mai fito. Mun ce tsoron ruwa take.

Jama'a, jiya aka kawo mini wata ƙwaryar goro. Zinatu ce ta yi yaji, tana bayan zanan nan tana jin mu, mijinta yana so in yi biko. Ga goron, ko ɗaya ban fasa ba. Mai unguwa, a mayar wa mai shi.

Malam Bappayo, 'yarka ce. Kafin wani cikinmu ya ce mata ta yi haƙuri irin na uwarta, ka shiga ka tambaye ta me ya koro ta. Ka zauna har ta gama.

Mun gode wa duk wanda ya tako. Allah ya jiƙan Goggo Meram, ya haskaka makwancinta, ya ba ta abin da muka hana ta. Ni kuma ya yafe mini bakina.

Liman, a yi mana Fatiha.