Ƙofar Bayan Masallaci Bayan Rasuwar Baba Mai Aski

Ina neman afuwar duk wanda wannan takarda ta isa hannunsa, don na san kowa da abin da ke gabansa. Jawabin da na yi ne a harabar masallaci ranar taron tunawa da marigayi. Na rubuta shi yadda na faɗa, ban ƙara ba, ban rage ba, gudun kada a ɗauki maganar a baki a sauya mata kama.

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Mai girma limaminmu, Allah ya ƙara lafiya, na'ibinsa da ladaninmu, shugaban kwamitin masallaci da abokan aikinsa, dattawan unguwa, uwarmu, matar marigayi, ƙanensa da 'ya'yansa, sai 'yan'uwanmu mazauna ƙarƙashin gada, waɗanda nake hangowa tsaye a bakin titi ba su shigo ba: amincin Allah ya tabbata a gare ku baki ɗaya.

Ni ne magatakardan 'yar ƙungiyarmu ta taimakon raunana. Ban yi zurfin karatu ba, ɗan abin da na sani daga ƙananan littattafan bakin masallaci na tsinto shi. Idan na yi kuskure, Allah gafarta Malam ya gyara mini.

Marigayi ya kasance mai aski. Shagonsa na nan tsakanin mai faci da mai gyaran waya, kujera ɗaya da madubi mai tsaga a gefe. Duk mai wannan sana'a ya san safiyar Juma'a ce kasuwarsa. Shi kuwa a wannan safiyar yake rufe shago, ya ɗauki benci da jakar kayan aiki ya zo bayan masallacin nan, wajen famfo. A nan suke samunsa: masu shaye-shaye, da waɗanda gidan yari ya sako gida ya ƙi karɓa, da masu tsintar robobi a bola.

Ya kasance ba ya aske kan kowa sai da sabuwar reza, kuma sai ya ɓare ta a gaban idon mutum. Na taɓa ce masa waɗannan bayin Allah ba su damu da hakan ba. Ya ce, "Magatakarda, wasunsu sun manta rabon da a buɗe sabon abu domin su. Bari su gani."

Ya kasance ba ya yi wa kowa wa'azi da suma a kansa. Farkon zuwana, na tsaya ina karanta musu littafin illar ƙwaya, babi bayan babi. Ya ɗago daga kan wanda yake yi wa aski, ya dube ni, ya ce, "Kansa ƙaiƙayi yake yi, ba zai ji ka ba. Riƙe mini buta." Sai an yi aski, an yi wanka, an sa wankakkiyar riga, sannan yake tambaya a hankali, "Ka tuna yadda ake alwala, ko mu yi tare?"

Da yawanku kun san Kwamanda, wancan mai tabo a goshi. Ran da ya fara zama a bencin, cewa ya yi, "Baba, irin askin 'yan ƙwallo za ka yi mini." Marigayi ya ce, "Kai da ko 'yan sanda ba ka iya tsere wa? Sunkuya." Daga baya Kwamanda shi ke riƙe almakashi idan layi ya yi tsawo.

Ba zan yi ƙarya a gaban iyalin mamaci ba. Ba kowa ne ya shiryu ba. Akwai wanda muka aske da safe, kafin wata Juma'ar muka yi masa sutura. Takalma sun ɓata a masallacin nan, har da nawa. An zare wayar wani dattijo a sahu. Waɗanda suka yi kuka suna da gaskiyarsu.

Saboda wannan kukan ne mu, jama'ar masallaci, muka haɗu muka kafa musu rumfa a waje. Muka shimfiɗa tabarmi, muka ja musu lasifika, muna ganin mun kyauta. Marigayi ya zagaya ta, ya ƙwanƙwasa ƙarfenta, ya ce, "Aiki ya yi kyau. Za ta yi daɗin ajiye babura." Ya juya ya shigar da mutanensa ta ƙofar baya, ya jera su a sahu, kafaɗa da kafaɗa da mu. Daga ranar ya bar gurbinsa na bayan liman, ya koma tsakiyarsu, har ya koma ga Allah.

Yanzu na zo wurin da nake fargaba. Tun da ya rasu, kwaɗo ne a ƙofar baya, an kuma cire kan famfon. Kwamiti ya yanke shawarar raɗa wa rumfar sunansa don girmamawa. Ga allon can jingine, an lulluɓe shi da ƙyalle, kuma ni aka umarta in sanar a ƙarshen jawabina.

Jiya na je gaida uwarmu, na faɗa mata. Ta ce, "Ɗana, mijina bai taɓa sa goshinsa a rumfar nan ba. Ku rubuta sunan wanda ya kafa ta."

Ranka ya daɗe shugaba, ban taɓa saɓa maka ba, kuma na san da niyyar alheri aka yi. Amma ba zan iya yin wannan sanarwar ba. Ka yafe mini.

Inna, kin haƙura da cefanen Juma'a shekara da shekaru ba ki taɓa kai ƙara ba. Allah ya saka miki. Ku 'ya'yansa, idan kun ga mutum da yagaggiyar riga yana kuka a ƙofar gidanku, kada ku kore shi, maraici kuka haɗa. Kai kuma ƙanensa, na ji an taya kayan aikin. Ina roƙonka ka dakata.

Muna godiya ga duk wanda ya bar aikinsa ya zo. Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya sanya shi a sahun da ba a ware kowa. Allah ya ba iyalinsa haƙuri, mu kuma ya kyautata namu ƙarshen. Amin.

Ga roƙona ga kwamiti, cikin ladabi:

1. A cire kwaɗon ƙofar baya, a mayar da kan famfo.
2. A bar Kwamanda ya ci gaba da askin. Mu 'yan ƙungiya za mu tsaya gadin takalma bi da bi.
3. A jingine maganar allon har sai iyali sun amince.

Ina roƙon a ba ni amsa a rubuce kafin Juma'a. Da zan shigo ɗazu 'yan'uwanmu na ƙarƙashin gada sun tare ni a bakin titi, sun tambaye ni ko su zo wannan makon. Na ce musu su saurare ni.