Ta Wanke Kofuna, Ba Ta Sha Ba

Baba Fasto, dattawan ikilisiya, Mama shugabar zumuntar mata, 'yar marigayiya da jikoki, jama'ar Allah, salama a gare ku. Ni kuka zaɓa in yi magana, kun kuwa san bakina ba linzami, sai haƙuri.

Gwaggo Tela ta kasance mai ɗinka rigunan mawaƙanmu. Ta kasance mai share ɗakin sujadar nan. Ta kasance mai wanke kofunan jibin Ubangiji, cin nan da shan nan mai tsarki, ta goge, ta jera mana a faranti. Amma tun da ta yi ciki ba aure, muna 'yan mata, aka sa ta a horo: bencin baya, kuma ba ita ba jibi, sai ta faɗi wanda ya yi mata. Ta ce ita nata zunubin ta kai gaban Allah, na wani kuwa mai shi ya kai abinsa. Shi ke nan fa, har furfura. Hannunta ya isa wanki, bakinta bai isa sha ba. Shi kuwa gogan, ko wane ne, ba mu ga an hana shi kofi ba.

Da ciwo ya kwantar da ita, a bakin ƙofar nan na ji ana cewa hukuncin Allah ne. To masu hawan jini na bencin gaba, ku me kuka aikata? Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

A gadon asibiti ta roƙi jibi. Aka ce sai dattawa sun zauna. Na kai mata amsar ina huci, ta riƙe hannuna ta ce, "Bar su, ƙawata. Mai jibin ya yafe mini tuntuni, ni ma na yafe." Kafin su zauna ta cika.

'Yata, yau an ba ki bencin gaba kin ƙi, kin zauna inda uwarki ta tsufa. Kin ce mini daga yau ke da coci har abada. Ba ni da bakin hana ki, ni ma raina a ɓace yake. Amma kada ki bar Allah saboda mu, ita ba ta bar shi ba.

Mun gode wa duk wanda ya zo. Ya Uba, kowace Lahadi muna roƙonka ka gafarta mana kamar yadda muke gafarta wa wasu. Don jinƙanka, kada ka biye mana. Ka gafarta mana irin gafarar Gwaggo. Amin.