Amfilifaya Mai Rufin Asiri

A bencin garejin mai gyaran wutar mota, mai jar mota ya matsa wa wani dattijo ya zauna, ya ji daɗin samun abokin hira.

"Baba, kai ma batir ne ya kawo ka?"

"A'a, mutum nake jira. Taka me ya same ta?"

"Amfilifaya na sa mata, ƙatuwa, don ƙara ƙarfin kiɗa. Ganga na bugawa sai fitilu su riƙa ƙifta ido, in na kashe mota kuma ta ƙi tashi. Wai wayar da na ja ta yi siriri, altaneta mai cajin batir kuma ba ta iya ciyar da amfilifayar."

"To ka cire ta mana."

"In cire? Baba, injin nan bugawa yake kamar ana daka. Kiɗan ne ke rufa masa asiri. Anjima mai saye zai same ni a nan, dole a gyara wutar kafin ya iso."

Dattijon ya ciro wayar hannu, ya latsa. Aljihun mai jar mota ya ɗauki ƙara.

"Na yi sammako, ɗana. Tashe ta mu ji. Kiɗan kuma, bar shi ya huta."